Amsa ga 'yata a kan tatsuniyoyin Turawa da tarbiyyar Kirista

'Yata, na karanta saƙonki, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki yanke hukunci. Kin ce wata a zumuntar mata ta gaya miki bai dace gidan Kirista ya riƙa karanta wa yara labarin Sindirela da makamantansa ba saboda akwai sihiri a ciki, har kina tunanin daina tatsuniyar dare gaba ɗaya. Ni dai shawarata ita ce kada ki daina, domin mu ma a kan tabarmar kakarmu muka fara sanin haƙuri, tun kafin mu iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kanmu.

Labarin Sindirela da ke hannunki yana da fuska biyu, kuma ya kamata ki san wadda kika saya. Charles Perrault ya buga nasa a Faransa a 1697, kuma a ƙarshensa yarinyar ta yafe wa 'ya'yan matar ubanta da suka wulaƙanta ta, ta kai su fada, har ta aurar da su ga manyan fadawa. 'Yan'uwa biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fara buga tarin nasu a Jamus a 1812. A wurinsu uwar tana kan gadon mutuwa ta yi wa 'yarta wasiyya ta zauna da tsoron Allah da kirki, yarinyar kuma ta dasa reshe a kan kabarin, tana shayar da shi da hawayenta har ya zama itace. Wannan wurin yana taɓa zuciyata ƙwarai, amma a bugun da ya biyo baya tantabaru sun ƙwaƙule idanun 'yan matan nan biyu ranar biki. Ni na fi son ƙarshen Perrault, domin shi ne ya yi kusa da abin da Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa, cewa ƙauna tana da haƙuri da kirki, ba ta riƙon mugunta.

Akwai wani a tarin Grimm da nake so ki nema, na yarinyar da aka mayar da 'yan'uwanta shida tsuntsaye. Ta yi shekara shida ba magana ba dariya, tana ɗinka musu riguna, aka yi mata ƙazafi har aka kai ta bakin wuta, ba ta buɗe baki ba sai da ta cece su. Ba don ta samu miji ko dukiya ta jure ba, don ran waɗansu ne, kuma a nan ne nake ganin haƙurin Kirista sosai.

Kin san tatsuniyarmu ta 'yar bora da aka tura wanki ruwan Bagaja, ladabinta ya dawo da ita da arziki, 'yar mowa kuwa ta bi sawunta da rashin kunya ta kwaso wahala. Ki haɗa musu su ji duka biyun. Abu ɗaya kawai nake roƙonki: ki bayyana musu cewa haƙuri ba ya nufin yaro ya ɓoye cutar da ake yi masa, kuma ba kowane mai kirki ne yake auren ɗan sarki ba. Batun sihiri kuwa, yara sun san tatsuniya ce tun daga "ga ta nan, ga ta nanku". Bayan kin ce "ƙurunƙus", ki tambaye su wa ya yi alheri a labarin, sannan ku yi addu'ar dare tare. Ki gaishe mini da maigidanki da jikokina.