Wane littafi zan karanta in gane tushen rikicin Falasɗinu da Isra'ila?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Kullum muna ganin abin da ke faruwa a Gaza a waya, amma in aka fara musu a majalisa sai in rasa ta cewa, wani ya ce tun zamanin Annabi Musa ake yi, wani ya ce Turawa ne suka haɗa. Wane littafi zan fara da shi? Ina jin Turanci da ɗan Larabci. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Ƙudus tsohon gari ne mai daraja a addinai uku, wannan ba musu, amma faɗan da kake gani a kan ƙasa ne da wa zai mulke ta, kuma ya samo asali ne a shekarun 1880 da Yahudawan Turai masu aƙidar Sahayoniyanci, wato neman ƙasar Yahudawa a Falasɗinu, suka fara ƙaura zuwa can, lokacin ƙasar tana hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya. To littafin da ya ɗauko daga nan shi za ka nema.

Ni dai zan ce ka fara da The Hundred Years' War on Palestine na Rashid Khalidi, wanda ya fito a 2020. Bafalasɗine ne ɗan babban gida a Ƙudus, kuma ya buɗe littafin da wasiƙar da wani ɗan'uwan kakanninsa Yusuf Diya, tsohon magajin garin, ya aika a 1899 don a kai wa Theodor Herzl, jagoran Sahayoniyanci, yana ce masa ƙasar nan fa da mutanenta a ciki, a ƙyale ta. Daga nan ya bi ta Sanarwar Balfour ta 1917, wadda a cikinta Birtaniya ta goyi bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, har zuwa 2017, kuma bai raga wa shugabannin Falasɗinawa ba, musamman kan yarjejeniyar Oslo da suka yi da Isra'ila a 1993.

Amma kar ka tsaya a kansa. Inda ake ta da jijiyar wuya shi ne 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kusan 700,000 suka rasa gidajensu, wadda suke kira Nakba. Benny Morris, Ba'isra'ile ne, ya shiga takardun gwamnatinsu da aka buɗe a shekarun 1980 ya rubuta The Birth of the Palestinian Refugee Problem, ya bi gari gari ya nuna inda aka kori mutane da bakin bindiga kamar Lidda da Ramla da inda tsoro ya kore su bayan kisan kiyashin da mayaƙan Yahudawa suka yi a ƙauyen Deir Yasin, sai dai ya ce yaƙi ne ya haifar da abin, ba shiri aka zauna aka yi ba. Ilan Pappe, shi ma Ba'isra'ile, ya ce sam, shiryayyen abu ne, hujjarsa kuwa Shirin Dalet, tsarin yaƙin da dakarun Yahudawa suka tsara a watan Maris 1948, bayanin yana cikin littafinsa The Ethnic Cleansing of Palestine na 2006. Gaskiya Morris ya fi ƙwazo wajen bin takarda, duk da a 2004 ya fito ya kare korar, abin da har yau yake min ciwo. Karanta su biyun, ka riƙa kwatantawa.

Sannan ka daure ka karanta Israel: A History na Anita Shapira, ka ji yadda su Isra'ilawa suke ba da labarin kansu, da yadda kisan Yahudawa miliyan shida a Turai ya zauna musu a rai. Ba sai ka yarda da ita ba.

Tunda kana jin Larabci, nemi A'id ila Haifa na Gassan Kanafani, ƙagaggen labari ne gajere. Miji da mata sun koma gidansu na Haifa bayan yaƙin 1967, suka tarar da Bayahudiya daga Foland a ciki, ta raini jaririn da suka bari a 1948 har ya zama sojan Isra'ila.

Ka riƙa karatu da taswira a gefe, kuma ka sani duk waɗannan an rubuta su kafin Oktoban 2023, ba za ka samu yaƙin Gaza da ya ɓarke a lokacin a ciki ba.