Tambaya da Amsa: Wa ya tattara musu shafukana?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min, wani ɗan ajinmu ne ya rubuta sunana a wani shafin intanet kawai sai ga Facebook ɗina da Instagram da tsohon akawun ɗin da na bari tun ina sakandare duk sun fito a jere, har da hoton da ni kaina na manta da shi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Kutse aka yi min ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da alama ba kutse ba ne, abin da ya fi damuna ke nan ma. Masu irin waɗannan shafukan manhaja suke saki tana bin shafuka dare da rana tana kwashe duk abin da aka bari a buɗe, suna, hoto, makaranta, wajen aiki, sai ta haɗa su waje ɗaya, in kuma sunan akawun ɗinki ko lambar wayarki iri ɗaya ce a ko'ina to kin rage mata wahala.

Masu wannan sana'ar cewa suke ai ke kika saka a fili. Ni dai ban yarda ba. Hoto ɗaya ba komai ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika, wanda ya tara su duka ya san fuskarki da ƙawayenki da inda kike wuni alhali ke ba ki taɓa ganinsa ba.

Kamfanin Clearview AI na Amurka haka ya kwashi hotunan fuskokin mutane biliyoyi yana sayar wa 'yan sanda hanyar gane fuska, a 2022 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 20. A 2021 kuma bayanan masu Facebook miliyan 533 aka zube a intanet har da lambobin waya, Ireland ta ci Meta, kamfanin da ke da Facebook, tarar Yuro miliyan 265, amma fa lambobin suna nan hannun waɗanda suka kwafa, tara ba ta dawo da su.

Yau ɗin nan ki kulle akawun ɗinki, ki goge tsofaffin da ba kya amfani da su, ki shiga saiti ki hana a nemo ki da lambar waya ko imel. Wasu shafukan suna da fom na neman a cire sunan mutum, ki duba can ƙasan shafin ki cike.

Shi kuma ɗan ajin naku ki tambaye shi me ya kai shi binciken sunanki, in ya ci gaba da bibiyarki ki faɗa a gida, kar ki yi shiru.