Tatsuniya, Labari da "Wai": Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na ji wani ya ce wa abokin gardamarsa, "Wannan tatsuniya ce kawai." Shin tatsuniya da ƙarya abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan amfani yana damuna, duk da cewa ya yaɗu har a bakin masu ilimi. Maƙaryaci so yake a gaskata shi, shi ya sa yake lulluɓe ƙaryarsa, alhali mai tatsuniya tun kafin ya soma yake sanar da masu sauraro inda zai kai su. Idan ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," aka amsa masa da "Ta zo mu ji ta," to an ƙulla yarjejeniya ke nan cewa kura za ta yi magana, Gizo zai yaudari zaki, kuma babu mai neman shaida. Idan ya kai ƙarshe sai ya ce, "Ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," wato ya sake tuna wa kowa irin zancen da aka sha. Gaskiyar tatsuniya ba a aukuwar abin take ba, tana cikin halayen da take nunawa. Yaro ba ya tambayar ko Gizo ya taɓa rayuwa, amma ranar da ya gamu da mai wayon cin amana zai gane shi.

Labari kuwa daban ne. Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma malaman balaga sun bayyana habari, wato asalin kalmar a Larabci, da cewa shi ne zancen da zai iya zama gaskiya, zai iya zama ƙarya, saboda haka shi ake bincika. A tarin tatsuniyoyin Hausa da wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 akwai tatsuniyoyi, akwai kuma labarun sarakuna da yaƙe-yaƙe, kuma mai karatu ba ya rikita su. Wanda yake son ƙaryata magana yana da "ƙanzon kurege" da "shaci-faɗi" da "zuƙi-ta-malle", don haka ya ƙyale tatsuniya da mutuncinta.

Tambaya: Mene ne "ganau" da "jiyau"?

Ganau shi ne wanda abin ya faru a gaban idonsa, jiyau kuwa labari ya iske shi. Ginin kalmomin irin na "mantau" ne, kuma karin maganar da ke bayansu ita ce "Gani ya kori ji."

Tambaya: Me ya sa wasu ke jin haushi idan aka sa "wai" a maganarsu?

Saboda "wai" tana iya ɗaukar raini, kamar a ce, "Wai shi malami ne." Amma babban aikinta ya fi wannan daraja, kuma shi nake jin tsoron muna sakaci da shi. Ku dubi bambancin "Gadar ta karye" da "Wai gadar ta karye." Mai jimlar farko ya ɗauki nauyin maganar a wuyansa, mai ta biyu kuwa ya shaida cewa jiyau ne, ya bar wa mai sauraro damar tambayar "In ji wa?" Wannan tambaya ita ce ma'aunin labari, kuma a kanta malaman hadisi irin su Imam Buhari suka gina isnadi, inda ake jero wanda ya ji daga wanda ya ji, a auna gaskiyar kowannensu da ƙarfin haddarsa kafin a karɓi magana. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umurni ta yi da a yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari.

Abin da nake gani a saƙonnin WhatsApp shi ne, labari yakan fito da "wai" a hannun mutum na farko, kafin ya kai na uku ta faɗi a hanya, sai jita-jita ta koma tabbas ba tare da an ƙara hujja ko ɗaya ba. Kalmar jita-jita kanta ta faɗi asalinta, domin "ji ta, ji ta" ce. Akwai kuma masu fakewa da "wai" su ɓata sunan mutum, suna zaton ta wanke su. Ba ta wanke su ba, tunda su suka zaɓi ɗaukar maganar su kai gaba.

Tambaya: "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi" kan mawaƙa kawai take?

A'a, ana faɗinta duk lokacin da ake son wanda abin ya shafa ya ba da labarinsa da bakinsa.

Tambaya: A "Ramin ƙarya ƙurarre ne," mene ne "ƙurarre"?

Daga "ƙure" take, wato ramin da bai yi nisa ba ya kai ƙarshe, wanda ya shige shi ba shi da mafita idan aka biyo shi da tambayoyi. A rubuta ta da ƙ mai lanƙwasa, domin na sha ganin ana rubuta "kurarre", kuma wannan kuskure ne.