Na ƙara aure, zan iya gyara tsohuwar wasiyyata da biro?

Alhaji, na karanta saƙonka. Kace ka rubuta wasiyya a 2016 a Kaduna, ka bar wa uwargida gida, shago kuma ka bar wa ɗan ƙaninka da ka riƙe, daga baya ka ƙara aure an samu yara biyu, shagon ma ka saida, yanzu kana so ka ja layi ka rubuta sunan yaran amarya a kan gidan tunda manyan sun riga sun yi karatu. Toh ban ga takardar ba, don haka duk abin da zan faɗa a kan bayaninka ne kawai.

Inda za mu fara rabuwa shi ne wannan maganar ta "ai dukiyata ce". Taka ce kana raye, amma musulmi ba ya wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, kuma babu wasiyya ga magaji, uwargida magajiya ce, yaran amarya ma magada ne, kenan tun asali abin da ka rubuta mata yana da matsala, wanda kake shirin rubutawa yanzu ma haka, sai dai in sauran magada sun amince bayan rasuwa, kai kuma ba ka nan balle ka roƙe su. Wani zai kawo maka shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971 inda Kotun Ƙoli ta bar wasiyyar musulmi ta tsaya ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837, gaskiya ne an yi, amma Kaduna ta yi tata dokar wasiyya daga baya wadda ta yi togaciya kan wanda shari'ar Musulunci ta hau kansa, ni dai ba zan ba ka shawarar jingina da waccan shari'ar ta 1971 ba.

Ɗan ƙaninka shi ne wanda wasiyya ta fi dacewa da shi, tunda kana da 'ya'ya maza ba zai ci gado ba. Saidai shagon ya tafi, galibi wasiyyar ta tafi da shi, ba kuɗin za a ba shi ba. In kana son ya samu wani abu sai ka ambata sabo cikin sulusin.

Biro kuwa dan Allah ajiye shi. Gogewa ko ƙari babu sa hannunka da na shaidu a gefe shi ne abin farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai kama. Sabuwa za a yi, a rubuta ta soke duk na baya, shaidu biyu a zama ɗaya waɗanda ba su da ko sisi a ciki, a ajiye a rajistirin Babbar Kotu, in an gama sabuwar sai a yaga tsohuwar har kwafi.

Shi kuma babban ɗanka da ya riƙe kwafi yake cewa an riga an rubuta ba a canjawa, ban san wa ya karantar da shi ba. Mai wasiyya yana da ikon janye ta muddin yana raye da hankalinsa.

In damuwarka karatun ƙananan ne akwai kyauta tun kana raye, amma sai ka sakar musu abin da gaske an canja takardu, kuma malamai suna da magana mai nauyi kan fifita wasu 'ya'ya a kyauta. Ni da za ka ji tawa, kira matan biyu da manyan yaran da malamin da ya san rabon gado ku zauna a rubuta abin da aka cimma kowa ya sa hannu, sannan ka kawo wa lauya tsohuwar takardar da takardun gidan.