Indomin motar gas

Oga, jiya na ga wani bidiyo a waya. Ɓarayi ne a Ingila suka shiga filin da ake ajiye motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna yanke salansa. Ni a sanina motar fetur ce ke da indomi, abin nan na cikin salansa da ke rage gubar hayaƙi, waɗannan kuwa gas suke sha, wato dizal. To me suka samu a ciki?

Sani, ajiye sifanar ka zo nan. Wa ya ce maka motar gas ba ta da shi? Tana da shi, har da ƙari. Sai dai ba irin na fetur ba ne, kuma yawancin makanikai a nan suke ruɗewa.

Motocin da ka gani, ɗakin ne kawai baƙo a wurinka. Ƙarƙashinsu ka san shi, don galibinsu a Turai kan Fiat Ducato ake gina su, wasu kan Ford Transit ko Sprinter, irin waɗanda ake shigo mana da su daga Kwatano ana jigilar kaya. Turawa suna yawon hutu da su lokacin zafi, in sanyi ya shigo sai a kai su fili a rufe, wata uku ko huɗu ba wanda ya leƙa. Ga su da tsawo daga ƙasa, ɓarawo ko jak ba ya buƙata. Ya kwanta ya shige da zarto mai batir, ya yanka gaba ya yanka baya, 'yan mintoci ya tashi. Mai mota ba zai sani ba sai ranar da ya murza makulli ya ji tana ruri kamar injin niƙa.

Abin da muke kira indomi tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada. Na fetur uku ne: filatinom, faladiyom da rodiyom. Rodiyom ɗin nan shi ya haukata ɓarayi. A watan Maris na 2021 oza ɗaya, wato giram 31, ta kai wajen dala 29,000, zinariya ko kusa ba ta zo ba. Mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, faladiyom kuma Rasha ce babbar mai shi. Shi ya sa aka yi ta farautar Toyota Prius, tunda rabin tafiyarta da batir take yi, indominta bai cika gajiya ba. Na gas ba shi da rodiyom, filatinom ne da ɗan faladiyom, saboda haka kuɗinsa a wurin 'yan gwangwan bai kai na fetur ba. Amma ɓarawon da ke kwance a duhu ba ya tantancewa. Duk gwangwanin da ya ga ya kumbura a jikin salansa yanka shi yake yi.

A nan asarar mai motar gas take fin ta mai fetur, don salansarta ta zamani ba abu ɗaya ba ce. Bayan indomin akwai matatar kunkunniya, wadda za ka ga an rubuta DPF a kwamfuta. Ramukanta a toshe suke, wannan ta gaba, na kusa da shi ta baya, dole hayaƙi ya ratsa ta bango ya bar baƙinsa a ciki. In ta cika, ƙwaƙwalwar mota ta ƙara mai ta ɗaga zafin zuwa wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Bayan zuwan dokar hayaƙin mota ta Euro 5, wadda ta fara a 2009, kusan kowace sabuwar motar gas a Turai sai da ita. Da Euro 6 ta zo aka ƙara AdBlue. Kada sunan ya tsorata ka, yuriya ce irin ta taki amma tatacciya, kashi 32.5, sauran ruwa ne mai tsabta. Ana fesa shi cikin salansa ya karya iskar da ke ƙona huhu. In ya ƙare motar za ta yi ta ƙirga maka kilomita, in ka yi kunnen ƙashi ranar nan ta ƙi tashi. Kowannensu da sensa da waya da ɗan bututu, zarto kuwa ba ruwansa, duk yana tafiya da su. Ɓarawo ya sami kuɗin cefane, mai mota ya sayi layin salansa guda sabo.

Kuma a can ba ya iya cewa a yi masa walda da bututu miƙaƙƙe ya huta. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire wa matatar ba ta cin gwajin shekara da ake kira MOT. Sun kuma hana biyan tsabar kuɗi a cinikin tsohon ƙarfe, dokar 2013 ta wajabta duba shaidar mai sayarwa, amma sata ba ta tsaya ba. Masu motocin sai sa keji ko igiyar ƙarfe a kan gwangwanin, wasu su zana lambar mota a jiki. A ganina duk bai kai ajiye mota inda ido ke kai ba. Sababbin Ducato kuma an matso da kayan kusa da inji, hannu ba ya kai musu da sauƙi.

Mu a nan ɓarawon bai cika zuwa da dare ba, mota ake kawo masa har gareji. Bara an kawo mini Sprinter ba ta ja, fitilar inji a kunne. Na ƙwanƙwasa gwangwanin na ji ƙarar wofi, na haska na ga sabuwar walda a samansa, inda mai mota ba zai taɓa gani ba. Wani gareji aka kai ta canjin kuloci ta kwana biyu. Wasu kuma ba sata suke ba, jahilci ne: matata ta toshe, sai a ce "a fasa ta motar ta yi numfashi". Ba a tambayi me ya toshe ta ba. Sau da yawa nozul ce ke zubar da mai, ko gas mai yawan sinadarin salfa, wanda namu ya daɗe yana fin na Turai nesa ba kusa ba, ko baƙin mai da ba nata ba, don tana son mai ƙarancin toka. Ko kuma motar kullum cikin cunkoson gari take, ba ta samun doguwar tafiyar da za ta ƙone abin da ta tara. Akwai lokacin da ba makawa sai an cire, amma da sanin mai ita, a gyara kwamfutar, a kuma miƙa masa tangaran ɗinsa a hannu.

Waccan farar Transit ɗin da ta shigo da safe, mai ita na zaune a kan benci. Kira shi, ɗauko tocila, ku shiga rami tare ka nuna masa gwangwaninsa, ka ɗauki hotonsa a waya kafin mu kwance ko noti ɗaya.