Wiwi, Laud da Kolos: Amsar Tambayoyinku kan Sunayen Ganye

Tambayoyin da suka shigo wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato sunayen kayan maye da ke yawo a bakin matasa, don haka na tara su wuri guda.

Wata malamar sakandare daga Zariya ta rubuto: "Malam, ina jin ɗalibaina suna ambaton laud, kolos, eske da arizona. Da na matsa musu sai suka ce ai duk wiwi ce. Shin wiwi Hausa ce? Me ya sa kuma abu ɗaya ya tara sunaye haka?"

Malama, wiwi baƙuwa ce, sai dai ta daɗe har ta zama 'yar gari. A Ghana wi suke ce mata, a Turancin buroka na kudancin Najeriya kuma wiwi, kuma zaton da ya fi ƙarfi shi ne duka biyun sun fito daga kalmar Ingilishi weed, ciyawar da ke fitowa a gona ba a shuka ta ba. Bahaushe ya jingina ta da abin da ya riga ya sani, ya ce tabar wiwi. Wannan tabar da ke laɓe a bayanta ce ta sa za ki ji wasu na cewa "wiwi ce", wasu kuma su bi wasalin ƙarshe su ce "wiwi ne". Duka ana faɗa, ni dai na farkon nake bi.

Harsuna da yawa sakaya ta suke yi da sunan ciyawa. Hashish a Larabci busasshiyar ciyawa ce, igbo da Yarbawa ke faɗa daji ne, mu kuma muka ce ganye. Masana tarihi sun fi danganta yaɗuwarta a Najeriya da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin da aka kai Indiya da Bama suka dawo gida, ga kuma ma'aikatan jiragen ruwa da ke sauka a Legas. Dokar da gwamnatin soja ta kafa a kanta a 1966 ma da sunan Indiya ta kira ta.

Sababbin sunayen kuwa na kasuwa ne. Eske haruffa biyu ne, S da K, da aka gutsuro daga skunk, wata dabbar Amurka mai fesa wari irin na bodari. An sa wa wani irin wiwi da aka haɗa a Kaliforniya a shekarun 1970 wannan suna saboda warinsa. Laud a Ingilishi siffar sauti ce, mai ƙara, amma aka ɗora ta a kan wari, wato warin da ke shela da kansa tun daga nesa. Arizona da Kolorado jihohin Amurka ne, kolos kuma gajarta Kolorado ce, jihar da ta halatta wiwi ta hanyar ƙuri'a a 2012, aka buɗe shagunanta a watan Janairun 2014. Dila na son sunan da zai sa mai saye ya ji kayan daga ƙetare suke, kuma babu mai auna abin da ke cikin ƙullin. Inda ɗalibanki suka yi kuskure shi ne cewa duk ɗaya ne. Abubuwa uku ne daban-daban: wiwin gona irin wadda ake nomawa a dazukan Ondo, Edo da Osun, da wadda aka inganta irinta don ta ninka ƙarfi, da kuma sinadarin da aka haɗa a masana'anta wanda ko kusa ba tsiro ba ne.

Wani dattijo daga Maraɗi ya ce: "Malam, tsofaffinmu kan ce taba ta bambanta da garin gero. Me suke nufi? Na tuna da maganar ne da ɗan ƙanena ya ce mini wiwi ganye ce da Allah ya halitta, kuma mutanen da sun sha ba su haukace ba."

Baba, Allah ya ƙara girma. Taba ana busar da ita a daka da kanwa ta zama gari, a gumtsa ko a shaƙa. Gero ma ana daka shi ya zama gari. Duka biyun gari ne a baki, duka a turmi suka wahala, amma ɗaya ana dama fura da shi a ƙoshi, ɗayan kuwa tofarwa ake yi. Ana kawo karin maganar ne idan mutum ya nemi daidaita abu biyu don suna ko kama ya haɗa su. 'Yar'uwarta ita ce kama da wane ba ta wane.

Ɗan ƙanen naka ya kawo hujja biyu, ta farkon ba ta buƙatar dogon zance. Tinya tsiro ce, kwankwanin da maharba ke dafin kibiya da shi tsiro ne, zaƙami ma tsiro ne, kuma Bahaushe da kansa ya raɗa masa suna haukata-yaro.

Ta biyun ce ke son a tsaya. Abin da ke bugarwa a cikin wiwi sinadari ne da ake kira THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka fara ware shi a Isra'ila a 1964. Akwai wani kuma, CBD, wanda ba ya bugarwa, wasu binciken ma sun nuna yana iya rage kaifin na farkon. Tsiron wiwi, kamar dabino, akwai namiji akwai mace. Manoman zamani sai su tuge mazan tun ba su yi fure ba. Macen da ba ta samu barbara ba ba ta yin 'ya'ya, sai furenta ya yi ta kumbura yana fitar da danƙo, kuma a cikin danƙon nan THC yake. Sinsemiya ake kiranta, daga Sifaniyanci, ma'ana marar iri. Idan aka ƙara da zaɓen iri shekara da shekaru, da noma a ɗaki ƙarƙashin fitilu, sai a samu abin da kakanninta ba za su gane ta ba. Wanda ya taɓa ganin ƙullin da ya san ganye ne da tsinke-tsinke da 'ya'yan da ke fashewa idan wuta ta taɓa su. Laud kuwa curin fure ne dunƙule, yana ƙyalli, yana manne wa yatsa, ba ƙwayar iri ko ɗaya.

Jami'ar Misisipi ta daɗe tana auna wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa. A 1995 THC da ke ciki kimanin kashi 4 cikin 100 ne. A 2014 ya kai kimanin kashi 12, CBD kuwa ya yi ƙasa. Yau shagunan Amurka da Kanada na sayar da furen da ya haura kashi 20, man da ake tatsa daga ciki kuma yakan kai kashi 60 zuwa 90. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya ta sha sanar da kama laud ɗin Kanada a tashoshin jiragen ruwa da filin jirgin saman Legas, don haka wannan ba labarin nesa ba ne, balle a ƙasar da binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 sun sha wiwi cikin shekara guda.

Game da hauka, Dakta Marta Di Forti ta King's College da ke Landan ta jagoranci bincike biyu da suka yi suna. A na 2015, a kudancin Landan, an samu cewa masu shan eske kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau biyar wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali. A na 2019 an duba marasa lafiya 901 a wurare 11 a Turai da Burazil. Shan wiwi kullum ya ninka haɗarin sau uku, shan mai THC kashi 10 zuwa sama kullum kuma kusan sau biyar. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da babu mai ƙarfin, da sababbin masu kamuwa sun ragu da kimanin kashi 30 cikin 100 a Landan, da rabi a Amsatadam. Ba a ce duk wanda ya sha zai taɓu ba, kuma yaron zai iya nuna maka wanda ya shekara talatin yana sha yana kan ƙafarsa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da ƙuruciya, da mai sha kullum, da wanda akwai ciwon a danginsu. Amma kafa hujja da mutanen da, alhali abin da ke hannunsa ya ninka nasu sau uku ko biyar, nan ne karin maganar tsofaffinku ta zauna daram.

Wani ɗalibin jami'a daga Kano ya tambaya: "Mene ne bambancin ya bugu, ya caku da ya taɓu? Na ga wanda ya sha kolos ya sandare a tsaye, wasu na cewa cakewa ce, wasu na cewa aljanu."

Ɗana, duba ƙarshen kalmomin tukuna: bugu, caku, taɓu, har da zautu. Duk sun ƙare da wasalin u, sigar aikatau da ke nuna aikin ya auku a kan mutum kuma ya kama shi sosai, yadda ake cewa nama ya dafu ko yaro ya daku. Harshen bai ɗauki mashayi a matsayin mai aikatawa ba, wanda aka aikata wa ne: an buge shi, an cake shi, an taɓa shi.

Buguwa da cakewa duk maye ne, na biyun dai na bakin matasa ne. Maye yana sauka. Wanda ya zuƙi hayaƙi yakan ji shi cikin mintuna, ido ya yi ja, baki ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, bayan awa biyu zuwa uku ya fara dawowa. Wanda ya ci a abinci ko ya sha a lemo yakan jira rabin awa har awa biyu kafin ya ji komai, shi ya sa yake ƙarawa yana zaton ba ta yi ba, sai ta taso masa gaba ɗaya. Taɓuwa kuwa ita ce wadda ke nan bayan mayen ya kamata ya sauka: mutum ya riƙa jin muryoyin da ba kowa, ya ce ana bin sa, ya ƙi abincin gidansu wai an sa masa wani abu, ya kwana uku ido biyu. A nan ne dangi kan ce jifa ne ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma akwai na masu wannan lalura a Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Abin da ka gani kuwa ya fi kama da kashi na uku, wato sinadarin masana'anta. Sau da yawa abin da ake sayarwa da sunan kolos busasshen ganye ne kawai, kowane iri, da aka fesa wa sinadarin da ke kwaikwayon THC. Wani masanin kimiyya a Jami'ar Clemson, John Huffman, ya haɗa ɗaruruwan irin waɗannan sinadarai don bincike, sai ga ɗaya daga ciki, JWH-018, an gano shi a Jamus a ƙarshen 2008 cikin wani haɗin ganye mai suna Spice. THC rabi-rabi yake kunna wuraren da yake kamawa a ƙwaƙwalwa, waɗannan kuwa har ƙarshe suke kunna su. Ga shi feshin ba ya daidaita, wani gefen ƙullin ba komai, wani gefen ya jiƙu. Daga nan ake samun sandarewa, da farfaɗiya, da ciwon ƙoda, da mutuwa. A 2018 a jihar Ilinoi an samu wanda aka gauraya da maganin ɓera, mutane suka yi ta zubar da jini. Kush ma da ta addabi Saliyo, har Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a Afrilun 2024, sunan kawai ta ara daga wiwin tsaunukan Hindu Kush na Afganistan da Pakistan. Da aka auna ta, irin waɗannan sinadarai aka samu, da kuma nitazin, dangin hiroyin mai tsananin ƙarfi. In ka sake ganin wanda ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa a nemi mota, kada a ɗura masa madara ko manja, don zai iya shaƙewa.

Wata uwa daga Kumasi ta ce ɗanta ya daina, amma ba ya barci, ba ya cin abinci, abu kaɗan ya hau faɗa. Ta tambaya ko wannan ne ake ce wa sabo turken wawa.

Hajiya, turke shi ne guntun icen da ake kafawa a ɗaure dabba, karin maganar kuma tana nufin wanda ya kasa barin abin da ya saba da shi ko da yana cutar da shi. Amma kada ki jefi yaron da ita, shi da ya riga ya tsinke igiya. Abin da kike gani jiki ne ke neman abin da ya saba, ya fi tsanani a makon farko, yawanci kuma yakan lafa cikin mako biyu zuwa uku, barci ne kan ɗan jima bai daidaita ba. Kimanin mutum ɗaya cikin goma na masu sha ke kamuwa da wannan sabo, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa ɗaya cikin shida.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga Gusau: akuskura ko akurkura?

Duka daidai ne. Ana cewa kurkure baki, ana cewa kuskure baki, wato a gumtsi ruwa a wanke baki a zubar, kuma daga yadda ake amfani da wannan ruwan maye na kwalba ne sunan ya fito. Ba shi da alaƙa da kuskurawar "kada ka kuskura", duk da kunne na son haɗa su. A 2022 NDLEA ta kama dubban kwalabensa, ta kuma bayyana cewa haɗin ganyayyaki ne da aka gauraya da taba da wiwi.