Inshorar gida a Florida: daga ina tsadar ta fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen gida kusa da Tampa a jihar Florida ta Amurka, amma kuɗin inshorar da aka yanka mini ya ɗaga mini hankali. Me ya kawo wannan tsada? Kuma in na biya, za a biya ni kowace irin asara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Guguwa ce tushen abin. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kowace shekara. Guguwar Andrew ta 1992 ta durƙusar da kamfanonin inshora da dama, guguwar Ian kuma ta ragargaza yankin Fort Myers a 2022. Su ma kamfanonin suna sayen tasu inshorar a wurin manyansu, in ta yi tsada kai za a ɗora wa. Wanda kamfanoni suka ƙi ɗauka yakan koma Citizens, kamfanin inshorar da jihar ta kafa a 2002.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna, don amsarta a'a ce. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. In iska ta kware rufi ruwan sama ya zubo, za su duba. Amma in teku ya tumbatsa ya shigo falo, kamar yadda guguwar Helene ta yi wa gaɓar Tampa a 2024, ba ruwansu. Inshorar ambaliya sai ka yi ta daban, galibi a shirin gwamnatin tarayya da hukumar ba da agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa. Akan jira kwana 30 kafin ta fara aiki, sai dai in tare da bashin sayen gidan aka yi ta. Don Allah kada ka bari sai hadari ya haɗo.

Duba kuma kason da za ka fara biya daga aljihunka in guguwa ta yi ɓarna, yawanci kashi 2, 5 ko 10 cikin ɗari na darajar inshorar ginin. A gidan dala 300,000, kashi 5 na nufin dala 15,000.

Kafin ka sa hannu, tambayi shekarun rufin, domin tsohon rufi yana korar kamfanoni. Ka ɗauko mai duba juriyar gida ga iska: zai leƙa saman silin ya ga ƙarafan da suka ɗaure rufi da bango, da irin ƙusoshin da aka buga, ya duba murafan tagogi. Takardarsa za ka kai wa kamfanin ka nemi ragi, dokar jihar ta tanadi hakan.